Injin da ke aske teburinsa da kansa: darasi ga masu walda na Yako da kewaye

Daga Yako zuwa Kwanar Ɗangora, har Tudun Wada da Doguwa, noman masara da shinkafa ya raya wata sana'a a bakin titi. Masu walda ne ke ƙera injin sussukar masara, su gyara na casar shinkafa, su haɗa ƙofofi da tagogi. Hannunsu ya faɗa, amma galibi da tef da ido suke awo. Shi ya sa ƙarfe biyu da aka yanka domin gurbi ɗaya sukan ƙi zuwa daidai, sai an bi su da guduma.

Maganin wannan matsala shi ne injin da ake kira CNC, wanda kwamfuta ke jan wuƙarsa gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, bisa zanen da aka ba ta. A Amurka aka fara nuna irinsa a 1952, a cibiyar fasaha ta MIT, bayan ƙoƙarin wani injiniya mai suna John Parsons. A yau matashi mai basira zai iya haɗa ƙarami da kansa: ya sayo ƙarafan gangar jiki a Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ya yi odar ƙananan injinan da ke motsa shi da kayan lantarkinsa. To amma haɗa injin ba shi ne ƙarshen aiki ba. Akwai teburin da ake ɗaure abin da za a sassaƙa a kai, wanda yawanci farantin alminiyam ne mai kauri. Kwamfuta ba ta ganin teburin nan. Ɗauka take yi ko'ina tsayinsa ɗaya ne. Idan wani gefe ya ɗara wani da rabin milimita, wuƙa za ta nutse a nan, ta shafi sama-sama a can, aiki ya lalace.

Dabarar ita ce a sa injin ya aske teburinsa da kansa. Da farko a ɗaure farantin da kusoshi, ana matse su bi da bi, kada a danne wani lungu da ƙarfi har ya lanƙwashe, kuma a binne kawunansu ƙasa da inda wuƙa za ta bi. Sannan a tabbatar sandar da ke juya wuƙar ta tsaya cak a kan teburin. Ana gane haka da agogon awo, wanda allurarsa ke nuna kashi ɗaya cikin 100 na milimita. In sandar ta karkata ko kaɗan ne, kowane zagaye zai bar tudu da kwari kamar kunyoyin gona, har farce ya riƙa jin su. Bayan nan sai a ɗaura wuƙa mai faɗi, a riƙa ɗebe abin da bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba a kowane zagaye, sabon layi yana hawa kan wanda ya gabace shi, har ko'ina ya yi ƙyalli iri ɗaya.

Alminiyam yana da halinsa. Ya fi baƙin ƙarfe taushi da sauƙin nauyi, amma in ya yi zafi yakan manne wa bakin wuƙa. Don haka ake ɗiga masa ɗan kananzir, a riƙa kawar da ɓarɓashi, mai aiki kuma ya sa tabarau. Yana kuma buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe: farantin mita ɗaya yakan ƙaru da wajen milimita 0.23 idan zafi ya hau da digiri 10. A ƙasarmu, inda sanyin asubar hunturu da ranar azahar suke da nisa, wajibi ne inji ya zauna a inuwa. Wanda kuma ya so narka tsofaffin gwangwanaye da tarkace domin ya zuba farantin da kansa, irin yadda maƙeran tukwane ke yi, ya sani cewa zubin yakan ɓoye ƙananan ramuka, sai an aske sannan su bayyana.

Abu na ƙarshe, teburin yana kwaikwayon layukan da injin ke gudu a kansu ne. In layukan a karkace suke, askin zai kwafe karkatar. Dole a fara gwada su da miƙaƙƙen ƙarfen awo kafin a aske farantin.

Wannan ilimi ba shi da nisa da mu. Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda tana nan a ƙaramar hukumar Bebeji. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, tana da cibiyarta ta HEDI a Kano. Muna kira ga waɗannan cibiyoyi, da shugabannin ƙananan hukumomin Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, su shirya wa masu waldarmu gajeren horo kan awo, su tallafa musu da kayan aunawa. Ku kuma matasa masu sana'a, kafin ku tara kuɗin inji, ku fara sayen agogon awo, ku koyi karanta shi.