Wankin ƙoda a gida: yadda ake yi da abin da yake buƙata

Duk gidan da ke da mai ciwon ƙoda ya san wahalar zirga-zirga. Idan ƙoda ta gaza, galibi saboda hawan jini ko ciwon suga, sai an riƙa tace jini da inji a asibiti, a ƙa'ida sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. Mutumin ƙauye dole ya bar gona ya tare a birni, wasu har Lamorde a Yamai.

To, akwai hanya ta biyu, wadda ake yi a ɗaki. Likita zai yi ƙaramin aiki ya sa siririn tiyo a cikin maras lafiya, kusa da cibiya. Ta nan ake zuba wani ruwan magani kamar lita 2. Tantanin da ya lulluɓe hanji shi ke zama rariya: datti da ruwan da ya yi wa jini yawa su tsiyayo cikin ruwan maganin. Bayan awa 4 zuwa 6 sai a zubar, a sa sabo. Haka sau 3 ko 4 a wuni, kullum, har ranar Sallah. Ba a buƙatar lantarki, sai ga mai injin da ke yi da dare. Senegal da Sudan sun daɗe suna yi wa mutanensu wannan.

Amma fa abin ba wasa ba ne. Ƙwayar cuta na bin tiyon ta shiga ciki. Dole a wanke hannu da sabulu, a rufe hanci da baki, a rufe taga, kada kaza ko kyanwa ta shigo, balle lokacin ƙurar hunturu. Idan ruwan ya fito da gurɓi, ko ciki ya murɗa, ko zazzaɓi ya taso, asibiti za a nufa a ranar.

Ƴan uwa na ƙetare masu niyyar aiko da kaya, ku yi lissafi: lita 8 a wuni, lita 240 ke nan a wata. Ruwan kamfani ne, ba a haɗa shi a gida, kuma yankewarsa haɗari ce ga rai. A ganina kada ku sayi komai sai likitan ƙoda ya duba maras lafiyan, ya ce cikinsa zai ɗauka, ya kuma nuna inda ruwan zai riƙa fitowa kowane wata.