Shugabancin Asusu: Lissafi Kaɗai Bai Riƙe Ƙungiya

Duk macen da ke cin kasuwa tsakanin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ta san Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta soma wannan tsari a jihar Maraɗi a shekarar 1991, ta gina shi bisa adashen da iyayenmu mata suka daɗe suna yi. Mata na haɗuwa kowane mako su yi zubi, su ranta wa junansu jari, a ajiye sauran cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, makullai a hannun mata daban-daban. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, kuma a zaɓukan ƙananan hukumomi na 2004 da 2011 an samu matan asusu da suka zama kansiloli.

To amma mai karatu, kwaɗo kuɗi yake tsarewa. Abin da ke riƙe ƙungiya shi ne halin shugaba, kuma nan ne horon da ake ba shugabanni ya kamata ya fi ƙarfi.

Na taɓa zuwa ɗaukar shirin rediyo wani ƙauye kusa da Gazawa, na tarar asusu ya rabu biyu. Ba a saci ko dala ba. Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ce ta makara wajen biyan bashi saboda jinyar ɗanta, shugaba ta kira sunanta gaban taro, alhali surukarta na zaune. Kuɗin sun dawo bayan mako biyu, amma matar da danginta ba su sake zama kan tabarmar nan ba. Shugabar ta iya lissafi sarai. Abin da ba a koya mata ba shi ne ta haɗiye fushi, ta duba fuskar mai bashi, ta bi ta gida da dare ko ta aika wata dattijuwa. A ƙasar Hausa kunya ta fi tara ciwo.

Don haka masu ba da horo su sa wannan cikin darasi kamar yadda suke sa ƙidayar zubi: yadda ake sauraren mai kuka har ta gama, yadda ake gane shirun yarda da shirun ɓacin rai, da yadda yarinya mai ilimin boko za ta gyara wa tsohuwa kuskure ba tare da ta zubar mata da girma ba. Su kuma tuna cewa shugabancin mata ba baƙon abu ba ne a nan. A Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, sarautar Inna ta daɗe tana jagorantar mata tun kafin a san kowane furoje.

Akwai darasi kuma a Ɗan Saga, ƙasar Agye, inda manoma suka yi suna wajen rainon itatuwan da ke tsirowa cikin gonaki. Da aka kafa kwamitin tsaron itatuwan, an sa mata a ciki, an sa Fulani makiyaya. Wanda aka zauna da shi aka tsara doka, da wuya ya zama mai karya ta. Haka abin yake a rumfar kasuwa da zauren asusu.

Saboda haka 'yan uwa, idan lokacin zaɓen shugaba ya zo, ku tambayi kanku: wadda za mu ba wa, tana riƙe sirri? Idan aka ɓata mata rai, me take yi? Hausawa sun ce babba juji ne. Wadda ba ta iya ɗaukar shara, a bar ta da riƙon littafi, a ba mai haƙuri kujera. Allah ya sa albarka a kasuwa.