Alamar Tawada a Hanji da Takardar da Ke Bayaninta

Ɗan kasuwar da ya loda hatsi a Dawanau zuwa Maraɗi ba ya sakin buhunansa sai ya sa musu shaida, domin a wurin sauke kaya duk kamarsu ɗaya. Likitan da ya duba cikin hanji ya ga ƙari, shi ma shaida yake sa wa wurin.

Binciken da ake kira kolonoskofi shi ne a zura siririn bututu mai lanƙwasuwa, mai kyamara da fitila a bakinsa, ta dubura, a duba babban hanji. Tsawon wannan hanji ya kai kimanin mita 1.5, kuma yawancinsa kama ɗaya yake ta ciki. Idan aka ga ƙari, akan ɗebi ɗan guntunsa a kai ɗakin gwaji, a tabbatar ko ciwon daji ne. In ta kai ga tiyata, likitan fiɗa ta waje yake ganin hanjin, ƙaramin ƙari kuwa sau da yawa ba ya nunawa ta waje. Ƙidayar santimita daga dubura ma ba ta wadatarwa, saboda hanji yana miƙewa yana naɗewa yayin binciken.

Shi ya sa mai binciken yake yin allurar wata baƙar tawada tsabtatacciya, wadda aka yi musamman don wannan aiki, a ƙarƙashin fatar cikin hanji. Yakan sa ta santimita kaɗan daga ƙarin, galibi ta ɓangaren dubura, a wurare biyu zuwa huɗu kewaye da hanjin, domin ko kitse ya rufe gefe ɗaya a ga ɗayan. Alamar tana daɗewa shekaru ba ta goge ba. Ƙarin da ke farkon babban hanji ko dab da dubura yawanci ba ya bukatarta, tun da wurin sananne ne.

Sai dai shaidar da ba a rubuta bayaninta ba tana iya ɓatar da mai nema. Idan likitan fiɗa bai san ko alamar tana gaban ƙarin ko bayansa ba, zai iya yanke sashen da ba shi ba ne, ko ya bar wani ɓangare na cutar. Don haka asibitoci da dama suke amfani da takarda mai tsari ɗaya, wadda kowane likita zai cike. Ku tabbatar taku ta amsa waɗannan:

1. A wane sashe ƙarin yake, kuma mene ne girmansa?
2. An sa tawada ko ba a sa ba?
3. A wurare nawa, ta wane ɓangare, kuma santimita nawa daga ƙarin?
4. An ɗauki hoto, an kuma ɗebi guntu don gwaji?

Wannan ya fi shafar iyalan da ke ƙetare iyaka neman magani. Wanda aka duba a Yamai ko Damagaram, takardarsa da Faransanci take. In tiyatar a Kano ko Katsina za a yi, da Turanci ake aiki. Ku karɓi kwafin takardar da hotunan kafin ku bar asibiti, ku ɗauke su a waya, ku nemi ma'aikacin lafiya ya fassara. Wanda aka taɓa sa masa alama a baya ya faɗa wa sabon likita, kada tsohuwa ta rikice da sabuwa.

Jini a bayan gida, canjin yanayin bayan gida na makonni, rama babu dalili ko ƙarancin jini, ba lallai ne basir ba. Ku je asibiti da wuri, domin ciwon dajin hanji da aka gano tun yana ƙarami ya fi jin magani. Allah ya ba mu lafiya.