Fitar Yamma da Uwargida a Birnin Akra

Magidanta da yawa a Nima da Mamobi sun fi sanin benci na majalisar shayi a kan fuskar matansu bayan isha'i. Maigida, yaushe rabonka da fita da uwargida, ku biyu kaɗai, ba biki ba, ba asibiti ba?

A Akra rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, saboda haka a bar gida da la'asar sakaliya. Ku fara da Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021 bisa tsarin ginin Turkawa. Ku yi magariba a can, ku ɗan zauna a farfajiya har fitilun hasumiyoyin su haskaka. Daga nan sai tsire da kelewele, wato soyayyar ayaba mai citta da barkono, a ci da zafinta a bakin hanya.

Masu son iskar teku na zuwa Labadi, sai dai a ganina kiɗa da cunkoson ƙarshen mako ba su dace da mai iyali ba; ranar aiki ta fi. A bar yara wurin kaka, wayar kuma ta zauna a aljihu.