Daga Kiyawa zuwa Baturiya: Wa zai riƙe filafilin kwalekwalen?

Sunan jiharmu kansa ya isa ya ruɗi baƙo. A Hausa, jigawa tudun yashi ce, wurin da ruwa ba ya kwanciya, kuma duk wanda ya taso a Kiyawa ko Shuwarin ko Andaza, cikin gonakin gero da gyaɗa da inuwar dabino, zai shaida cewa waɗanda suka zaɓi wannan suna a 1991 ba su yi ƙarya ba. To amma wannan rabin labarin ne. A cikin jihar nan, tafiyar sa'o'i kaɗan a mota daga Dutse zuwa arewa maso gabas, akwai ɗaya daga cikin dausayoyi mafiya muhimmanci a Afirka ta Yamma, wato Baturiya ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wadda yanki ce na babbar fadamar Haɗeja da Nguru. A 2008 aka sanya ta cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, da faɗin fiye da hekta 100,000. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin wurin da ya cancanci kulawa ta musamman, kuma a wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta sanya dausayin Haɗeja cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10 da ta amince a kafa. Na sha tambayar ɗalibaina 'yan asalin masarautar Dutse ko sun taɓa zuwa can. Da wuya hannu biyu su tashi a aji, wasu ma ranar suka fara jin sunan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda a 'yan shekarun nan maganar yawon buɗe ido ta zama waƙar bakin kowane jami'i, kuma idan aka zo misali sai a yi ta hangen ƙasashen Turawa. Ba laifi ba ne a leƙa gidan maƙwabci, muddin za a duba da kyau. Bari mu leƙa ɗaya.

A jihar Minesota ta Amurka, a kan iyaka da Kanada, akwai wani daji mai tafkuna fiye da 1,000 da ake kira Boundary Waters, faɗinsa ya haura hekta 400,000. Dokokin 1964 da 1978 ne suka ba shi kariyar da yake da ita. A mafi yawan tafkunan ba a yarda jirgi mai inji ya shiga ba, sai ƙaramin kwalekwale da ake tuƙawa da hannu, wanda mutum kan ɗora a kafaɗa ya tsallaka da shi daga wannan tafki zuwa wancan. Daga watan Mayu zuwa Satumba akwai iyakar adadin waɗanda za su shiga ta kowace ƙofa a rana, kuma sai da takardar izini. Ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4. Ba a kwana sai a masaukan da aka keɓe, ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba, kuma duk sharar da mutum ya tara da ita zai fito. Da wannan tsari mutane fiye da 100,000 ke ziyartar wurin kowace shekara, ƙananan garuruwan da ke gefensa kuma suna cin abinci daga hayar kwalekwale da tanti da jagoranci.

Ƙa'idojin nan abin koyi ne. Amma tunanin da aka gina su a kai ba namu ba ne, kuma nan ne sana'ata ta nazarin harshe ta sa na tsaya. Dokar 1964 ta Amurka ta bayyana irin wannan daji a matsayin wurin da ɗan Adam baƙo ne kawai, ya zo ya wuce. Na juya Hausa ciki da bai ban sami kalmar da ke ɗauke da wannan ma'ana ba. Muna da daji, muna da ƙungurmin daji da dokar daji da sunƙuru da kurmi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin wurin da aka ajiye don kallo. Dajin Bahaushe wurin nema ne: itace, zuma, magani, kiwo, farauta. Wanda ke kwana a daji ko dai makiyayi ne, ko mafarauci, ko fatake ne dare ya riske su. Idan magidanci a Kiyawa ya ce wa iyalinsa zai je ya kwana uku a bakin ruwa ba don su ba, ba don fatauci ba, sai don ya ji kukan tsuntsaye, ina tabbatar wa mai karatu kafin la'asar an nemo masa mai ruƙiyya. Ita kanta kalmar yawo ba ta da farin jini a wurinmu. Abokan tafiyarta su ne banza da dandi da ta-zubar. Sai da aka jingina mata buɗe ido, wato aka ce ilimi za a nemo, sannan ta sami shiga cikin mutane.

Ko a Amurkan ma dajin ba kango ba ne tun asali. Ƙasar al'ummar Ojibwe ce, waɗanda suka sallama ta a yarjejeniyar 1854 bisa sharaɗin za su ci gaba da su da farauta da girbin shinkafar daji a cikinta.

Ta fuskar ruwa kuwa, Hausa attajira ce. Kogi daban, gulbi daban, ƙorama da rafi da tafki da kududdufi da gurbi kowanne da inda ya dace. Kalmar fadama har Turanci ya ara, ta shiga takardun Bankin Duniya ba tare da fassara ba. A fadamar Haɗeja duk waɗannan kalmomi suna raye, domin kowacce akwai mai cin abinci da ita. Idan ruwa ya cika a watannin Agusta da Satumba, manomi na da shinkafa, masunci na da kifi. Idan ya fara janyewa, a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani. Idan an girbe, Fulani su sauko da shanu su ci burugu da harawa. Mata na saƙa tabarma da faifai da kabar goruba. Fili ɗaya, masu shi huɗu ko biyar, kowa da lokacinsa. A saman wannan duka ga tsuntsaye, waɗanda masana suka ƙirga ire-irensu fiye da 370 a yankin: kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela 'yan gida, ga kuma agwagin daji da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Su ne suka kawo Yarima Philip na Ingila tafkin Dagona da ke ɓangaren Yobe a 1989.

Na shiga wannan fadama da kwalekwale a wani watan Disamba, lokacin da nake tattara kalmomin su. Dattijon da ya tuƙa ni bai taɓa zama a aji ba, amma cikin wuni ɗaya ya cika mini shafuka da sunayen kifi da kayan aiki: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, bargi, gaiwa mai binne kanta cikin taɓo har ruwa ya dawo, birgi, kalli, koma, mamari, da goran da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Da launin ruwa yake gane zurfinsa. Ya san hanyar da ta toshe bana da wadda ta buɗe, ya san gindin giyayyar da za a iya kwana da wanda sauro ba zai bari a runtsa ba. Da na tambaye shi ko jikokinsa sun san waɗannan sunaye, sai ya ce, Malam, yaro ba ya riƙe sunan kifin da bai taɓa kamawa ba. A fagen ilimin harshe mun rubuta littattafai a kan mutuwar kalmomi, ban ga wanda ya faɗe ta a taƙaice kamar haka ba.

Me ya rage kifin? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kogin Haɗeja daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa yake samuwa, kuma dukansu an datse su: madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Ba na cikin masu zagin waɗannan madatsu, domin da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura da Auyo. Amma sun sauya numfashin fadama. A da, ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale ko'ina, da rani kuma hanyoyinsa su bushe ƙaƙas. Yanzu ambaliyar damina ta ragu a shekarun da ruwan sama bai yi yawa ba, sannan ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna filin da ruwa ke rufewa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 zuwa tsakanin 70,000 da 100,000. Ruwan da ba ya bushewa kuma shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare yashi, ta karkatar da kogi, har wasu garuruwa suka nutse cikin ruwan da ba su nema ba, wasu kuma suka rasa ko na ban-ruwa. Cikinta jan-baki ke kwana, su fito da safe su cinye shinkafa da gero. Kwalekwale ba ya ratsa kacala, ko na masunci ko na ɗan yawon buɗe ido.

Wani abin da ya kamata masu tsara kasafi su sani shi ne aikin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka yi a wancan lokaci, ƙarƙashin shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987. Sun auna abin da ake samu daga noma da su da itace a fadama, suka kwatanta da na noman rani a aikin kogin Kano, sai suka ga idan da yawan ruwan da aka kashe za a yi lissafi, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. A 2006 jihohi shida na wannan kwari, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da rabon ruwan. Ke nan ilimin yana nan, hukumar ma tana nan.

Saboda haka idan ana son Baturiya ta zama wurin da malamin makaranta daga Kiyawa zai kai ɗalibansa, ko ma'aikaci daga Dutse ya kai iyalinsa su kwana biyu, ba daga ginin ƙofa mai ado da otal za a fara ba. Tsorona da kalmar gandun ƙasa shi ne abin da ta saba jawowa a Afirka: shinge, da ma'aikaci mai bindiga, da mutanen ƙauye da suka wayi gari sun zama ɓarayi a inda kakanninsu suka yi su. Ba na musun cewa akwai ɓarna. Ana sare gabaruwa da giyayya a loda a mota zuwa birane, ana kafa raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, gonaki na cin gefen dajin. Amma wanda zai iya hana wannan shi ne wanda ke kwana a wurin, kuma tun kafin zuwan Turawa akwai sarkin ruwa da bulama da ke faɗin ranar da za a buɗe tafki da ranar da za a rufe shi. Bikin kamun kifi na Bade a Gogaram a kan wannan tsari ya tsayu. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da za mu aro daga Minesota shi ne ƙa'ida: adadin baƙi ƙayyadadde, ayari ƙarami, masaukai sanannu a kan tudu, ba inji a inda tsuntsaye ke kiwo, ba leda ko ɗaya da za a bari. Abin da za mu ƙara namu shi ne kada baƙo ya shiga ruwa sai da jagora daga masuntan yankin, a kwalekwalensu, a kan kuɗin da aka yanke a fili, kuma kaso mai tsoka na kuɗin shiga ya tsaya a garuruwan da ke gefen dausayin. Ranar da masunci ya ga dinya mai rai ta fi kawo masa kuɗi a kan wadda ya kai kasuwa a rataye, ba sai an yi masa wa'azin kare muhalli ba. Lokacin ziyara daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suka sauka, sauro ya yi sauƙi. Kuma tun da kusan kowace damina sai mun yi jana'izar waɗanda kwalekwale ya kife da su a jihar nan, rigar kariya ta zama dole ga kowa, a hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, a kuma gargaɗi baƙi game da tsargiya kafin yara su faɗa wanka.

Biyu daga cikin jami'o'inmu, ta tarayya da ke Dutse da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su ne mafi kusa da wannan aiki. Ɗalibin ilimin halittu ya ƙirga tsuntsaye, na labarin ƙasa ya auna inda kacala ta kai bana, namu na harshe kuma su zauna gaban dattawa da na'urar ɗaukar magana, su rubuta sunayen kifi da ciyayi da hanyoyin ruwa da Hausa da Badanci da Fulatanci da Barbarci, domin duk harsunan nan huɗu ana jin su a fadamar. Daga nan za a sami ɗan littafin da jagora zai riƙe, wanda yaron Kiyawa zai buɗe ya ga hoton kirinjijiya da sunanta a harshen uwarsa. Kuɗin motar da za ta kai aji guda Baturiya ta dawo da su bai kai abin da ake kashewa a taron bita na wuni ɗaya a otal ba.