Ko Kun Sani?

A 1954 likitan yara Morris Wessel na Amurka ya gindaya ma'aunin kukan ciwon cikin jarirai: fiye da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3. Jariri ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu, uwa ta rasa inda za ta sa kanta.

A birnin Turin na Italiya, likita Francesco Savino ya ɗiga wa irin waɗannan jarirai bakteriya mai amfani, Lactobacillus reuteri, kukan ya ragu. Wani gwaji da aka yi a birnin Melbourne a 2014 kuwa bai ga amfanin bakteriyar ba. Da aka haɗa gwaje-gwajen a 2018, amfaninta ya bayyana ne ga masu shan nonon uwa. Kukan yakan lafa da kansa wajen wata 4.