Hanji na da masu gadinsa: gaskiya da ƙarya kan wankin ciki da kafso

A Shabu, kamar sauran unguwannin Lafiya, da zarar ciki ya murɗa sai a nufi kemis a sayo Flagyl ko kafso ja da yalo, wasu kuma su nemi maganin wankin ciki. Ga huɗu daga cikin maganganun da ke yawo a bakin jama'a.

"Hanji ba ya iya kare kansa." Ƙarya ce. A ramukan bangon ƙaramin hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da sunan Joseph Paneth, masanin da ya yi bayaninsu a Biyana a 1888. Suna fitar da furotin irin su difensin, mai huda jikin bakteriya, da laisozaim, mai narkar da bangonta, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922. Kariya ce ta halitta, ba ta jiran sai jiki ya taɓa gamuwa da cutar.

"Duk ƙwayar da ke ciki cuta ce, sai an wanke." Wannan ma ƙarya ce. Akasarin bakteriyar hanji masu amfani ne, har su ne ke zaburar da bangon hanjin ya ƙara fitar da wasu daga cikin furotin ɗin. Shan kafso barkatai kan kashe su, ya bar wa miyagun fili. Yawancin gudawar yara kuma bairos ne ke kawo ta, kafso ba ya yi masa komai. Shi ya sa Najeriya ta shigar da rigakafin bairos ɗin rota, mai kawo gudawa, cikin na yara a 2022.

"Nonon uwa magani ne." Gaskiya ne, musamman dakashin da wasu ke matsewa su zubar. Yana cike da laktoferin, mai riƙe sinadarin ƙarfen da bakteriya ke bukata don hayayyafa, a lokacin da garkuwar hanjin jariri ba ta ƙosa ba.

"Zinc na rage gudawa." Gaskiya ne. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa shi da ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba yaro zinc ɗin kwana 10 zuwa 14.

Sai dai masu gadin nan suna da iyaka. In aka ga jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko yaro ya kasa sha, a garzaya asibiti, likita ya tantance ko ana bukatar kafso.